Alƙali Uku a Teburin Evaristo

Ran Lahadi, a inuwar barandar Plaza Mayor,
inda dillalan sulalla ke shimfiɗa jan ƙyalle,
na dire gwangwanin biskit ɗin mahaifina
gaban Evaristo Quiroga, mai tabarau biyu a wuya.
Kwandala ɗari da goma sha bakwai.
Shekara talatin Baba na kwandasta a bas ɗin Madrid,
duk wadda ta shiga ransa, sai ya fanshe ta da tasa.

Na ce, "Nawa?"
Ya ce, "Casilda, kin zo cinikin biri a sama.
Ni mai saye ne, bakina ba sikeli ba ne.
Ga littafi uku. Zaɓi alƙalinki."

Na farko ƙato ne, bangonsa sai sheƙi,
farashi bisa farashi har shafin ƙarshe.
Na hangi wata lamba, gabana ya faɗi.
Tsohon ya taɓe baki:
"Wannan ya san kuɗin mota, bai taɓa leƙa inji ba.
Farashi kuwa madara ce,
kwana biyu ta yi tsami."

Na biyu zane ne zalla, tsaf-tsaf,
kowane sarki da sumarsa cif.
"Mai zanen ya yi musu kara," in ji shi,
"ya mayar musu da gashin da aljihu ya cinye."

Na ukun ba shi da bango.
Zare ya riƙe shi, da tabon gahawa a shafi na huɗu.
Fuska ɗaya ce, an ɗauke ta hoto sau bakwai:
daga ranar da ta fito gidan bugu da ƙyallinta
har ta zama kamar mutum yana nisa cikin ruwan sama.
Ɗan kibiya na nuna inda tsufa ke fara cizo:
gashin saman kunne,
sai ƙashin kumatu,
haruffan gefe su ne ƙarshen sallama.
Ga nauyi, ga faɗi, don jabu ta ji kunya a kan sikeli.
A wani wuri marubucin ya ce,
"Nan ni ma nakan yi kokwanto."
Can gefe wani ya amsa masa da fensir:
"Ba gogewa ba ce, bugun ne bai kama ba."

Evaristo ya ɗora yatsa a kai.
"Littafin da ya iya cewa ban sani ba,
har ya bar wa mai musu fili,
shi ake kai wa gida."

Da dare a Vallecas, kan teburin kicin,
fitila ɗaya, gilashin dubawa, tawul mai laushi.
Na koyi riƙe su ta gefe, kamar kofi mai zafi,
in karkata su, haske ya zagaya ko ya tsaya.
Shafi na tara ya ce: kada a wanke, kada a goge.
Ni kuwa jiya na dirje goma sha biyu da man goge baki,
suna ta walƙiya, wofi.
Na daɗe zaune.

Ta ƙarshe ba a gwangwani take ba,
a aljihun rigar aikinsa na same ta.
Ba kunne, ba kumatu, shekarar ma rabi.
Littafin bai ɓoye mini ba: matakin ƙasa,
ko kuɗin bas ba za ta biya ba.
Ido ba mudu ba, ya san kima;
nawa ya ga kwarmin da babban yatsa ya yi
daidai inda fuskar take a da.

Na feƙe fensir.
Ƙarƙashin hoto na bakwai akwai sauran wuri.